An Gayyace Mu Taron Jin Ra'ayi Kan Tsarin Bankin Duniya: Mu Je Ko Mu Zauna?

Tambaya, daga shugabar wata ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa a Daura: Assalamu alaikum Malam. An aiko wa ƙungiyarmu takardar gayyata zuwa Katsina, wai Bankin Duniya na son jin ta bakin jama'a kafin ya tsara abin da zai yi a Najeriya nan da 'yan shekaru. Wasu matanmu sun ce ɓata lokaci ne, an gama komai a Abuja, shinkafa da kuɗin mota kawai za a ba mu a ɗauki hoto. Wasu kuma sun sa rai jari za a raba. Mu je ko kada mu je? In mun je, me za mu ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku je. Amma tun kafin ku shiga mota ki gaya wa masu sa ran jari su cire rai, don ba a raba ko sisi a irin wannan zama, ba a kuma rubuta sunan kowa don a raba daga baya. Su kuwa masu cewa an gama komai a Abuja, sun fi kusa da gaskiya, sai dai ba dukkanta suka faɗa ba.

Abin da ake shiryawa kundi ne. Galibi duk bayan shekara huɗu zuwa shida bankin kan rubuta wa kowace ƙasa da yake ba bashi takarda guda da ke fayyace fannonin da zai sa kuɗi da abin da yake son gani a ƙarshen wa'adi. A 2014 aka soma yinsa a mataki biyu: masanan bankin su fara binciken abin da ke riƙe ƙasar cikin talauci, sannan a zauna da gwamnati a fitar da tsarin haɗin gwiwa. Na Najeriya da aka gabatar a watan Disamban 2020, mai wa'adin 2021 zuwa 2025, ya tsaya kan abu huɗu ne: gina ɗan Adam ta ilimi da lafiya, samar da aikin yi da faɗaɗa tattalin arziki, ƙarfafa juriyar jama'a ga bala'i da rikici, da gyara aikin gwamnati. Ba a irin wannan kundi ake rubuta rijiyar burtsatsen wata unguwa a Daura ko injin markaɗen wata ƙungiya ba. Amma daga cikinsa ayyukan da kuka sani suke samun gindin zama: AGILE na karatun 'yan mata, wanda Katsina ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga da dala miliyan 500 a 2020, SURWASH na ruwan sha da tsafta, dala miliyan 700 a 2021, shi ma da Katsina a ciki, ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa 19 da Abuja, dala miliyan 700 a ƙarshen 2021.

Duk abin da zai shiga kundin sai ya bi ta rariya uku. Ta farko, shin gwamnatin tarayya ta nemi a sa shi? Ta biyu, shin binciken bankin ya nuna yana cikin manyan matsaloli? Ta uku, shin bankin na ganin ya fi sauran masu ba da tallafi iya shi? Ra'ayin jama'a ba ya cikin ukun nan. Ba a kaɗa ƙuri'a a zauren, kuma babu dokar da ta tilasta wa bankin ɗaukar abin da kuka faɗa. Abokiyar cinikinsa ita ce Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, kuma kwamitin daraktocinsa a Washington ne ke duba kundin a ƙarshe. Duk wanda ya ce muku ku ne za ku tsara, shafa muku mai a baki ya yi.

To, me ya sa na ce ku je? Dalili na farko shi ne kuɗin naku ne. Mutane da yawa a nan suna ɗauka kyauta ce Turawa ke yi, shi ya sa suke shiga zauren a rusune kamar masu neman alfarma. Mafi yawansa bashi ne. Gaskiya ne Najeriya na cin gajiyar reshen bankin mai sauƙin ruwa, wato IDA, inda ake biya cikin kimanin shekara 25 zuwa 30, har da ɗaga ƙafar shekara biyar ta farko. Amma bashi ne dai. Jiha ba ta da ikon ciyo bashin waje da kanta. Tarayya ce ke ciyowa ta miƙa mata, sannan a riƙa cire biyan daga kason wata-wata tun kafin ya iso Katsina. Kuma da kuɗin waje ake biya. Dalar da aka ranto tana kusan naira 460 a farkon 2023, a 2024 sai an nemi fiye da naira 1,500 kafin a maido da ita. Yarinyar da ke zaune yau a ajin da aka gyara, ita za ta ƙarasa biyan kuɗin ajin bayan ta yi 'ya'ya. Mai biyan bashi kuwa ba roƙo yake zuwa yi ba.

Tsoron da matanku ke yi yana da tushe, kuma waɗanda suka manyanta za su tuna. A 1985 Janar Babangida ya buɗe muhawara a faɗin ƙasa kan ko a karɓi bashin asusun ba da lamuni na duniya, IMF. Ma'aikata, ɗalibai, malaman jami'a, 'yan kasuwa, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, rinjaye ya ce a'a. A watan Disamba gwamnati ta ce ta ji, ba za ta karɓa ba. A tsakiyar 1986 sai ga shirin tsuke bakin aljihu na SAP, ɗauke da kusan dukkan sharuɗɗan da aka ƙi, da goyon bayan Bankin Duniya. Tun daga nan ɗan Najeriya ya koyi cewa a tambaye ka daban, a yi da kai daban.

Mu a jihar nan ma muna da namu darasin, wanda ya girmi jihar kanta. A 1975 aka soma aikin bunƙasa noma na Funtua da bashin bankin nan, tare da na Gusau da na Gombe. Ya yi abin kirki: hanyoyin karkara, cibiyoyin sayar da taki, da yaɗuwar masara a yankin. Amma an zana shi ne ba tare da an zauna da ƙaramin manomi ba. Malaman gona suka karkata ga waɗanda aka kira manoma masu ci gaba, ana koyar da shuka iri ɗaya a gona, alhali talaka na haɗa gero da dawa da wake ne don kada damina ta juya masa baya ya tashi a tutar babu. Masu bincike da suka bi diddigi daga baya, ciki har da na jami'ar Ahmadu Bello, sun nuna cewa masu manyan gonaki da masu hanya ne suka fi kwasar amfanin. Da an tambayi mai gona ɗaya da jaki ɗaya, da ya faɗi wannan tun ranar farko.

Jin ra'ayin da ake yi yanzu ba don tausayi aka fara shi ba. Matsin lamba ne ya haife shi. Rigimar madatsar ruwan Sardar Sarovar a kogin Narmada na Indiya, inda aka tashi dubban mutane daga ƙauyukansu, ita ta kai ga binciken da ya kunyata bankin a 1992, ta kuma sa aka kafa kwamitin bincike mai zaman kansa a 1993. Daga nan ƙofofi suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Na kawo wannan ne don ki san kujerar da aka ba ku wasu ne suka yi faɗa kafin a ajiye ta.

Yanzu bari in nuna miki yadda zauren yake, don na zauna a irinsa, wani lokaci a kujerar gwamnati, wani lokaci ina mai ɗaukar bayani, a tarukan masu ba da bashi daban-daban. Takarda ta ce ƙarfe tara. Babban baƙo ya iso sha ɗaya ta wuce. A yi addu'a, a gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da dukkan muƙamansu, a yi jawaban fatan alheri. Sai wani ya haska majigi da Turanci, shafi bayan shafi na jadawali. Kafin a ce a rabu rukuni-rukuni an kusa kiran Azahar. A ba kowane rukuni babbar takarda da alƙalami, a ce minti arba'in. Wanda ya fi kowa Turanci ya karɓe alƙalamin. Matan da suka taso daga nesa tun asuba suna can baya, ɗaya na jijjiga goyo, ido na kan layin sa hannu da ya fara tsawo a bakin ƙofa.

Shi kuma mai ɗaukar bayani, a gabansa akwai shafi da aka riga aka raba gida-gida: ilimi, lafiya, noma, tsaro, aikin yi. In mace ta tashi ta ce “muna roƙon a taimaka wa mata da jari”, zai rubuta “samun kuɗi ga mata” a gidan aikin yi. In mata ashirin suka faɗi haka, layin nan guda ne dai. A rahoton ƙarshe zai zama rabin jimla, kuma rabin jimlar da bankin ya riga ya sani tun kafin ya zo. A nan mafi yawan mutanenmu ke asarar zuwansu, ba don an toshe musu baki ba, sai don sun kawo abin da ba ya ƙara wa mai sauraro komai.

Abin da ke tsira daga alƙalamin mai ɗaukar bayani shi ne abin da masanan bankin ba za su iya samu daga alƙaluma ba, wato yadda aikin da suka riga suka biya ya kasance a ƙasa. Sun san talauci ya yi yawa a Arewa maso Yamma, suna da lissafin da ya fi naku. Abin da ba su da shi shi ne dalilin da ya sa tallafin da aka ce na mata ne bai kai ga mata ba. Ku kuwa kun sani. In sharaɗin shiga shi ne asusun banki da BVN da NIN da lambar waya, mace nawa a cikinku ke da huɗun nan da sunanta, ba da sunan maigida ko ɗanta ba? Ku ƙirga kafin ku tafi, ku zo da adadin. In an taɓa ba wata ƙungiya injin matsar mai mai aiki da lantarki ya zauna a rufe don babu wuta, ku faɗi garin da shekarar da abin da ya fi dacewa a ba su. In abin da ke hana man gyaɗarku da ƙuli-ƙulinku shiga manyan kantuna shi ne rajistar NAFDAC da wurin sarrafawa da ake buƙata kafin a ba da ita, ku faɗi haka ƙarara, don wannan matsala ce da ake iya zana mata aiki. In rufe iyaka a watan Agustan 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, ya karya muku ciniki a Mai'adua da Kwangwalam, ku faɗi nawa kuke sarrafawa a mako kafin nan da bayan nan. Masanin tattalin arziki da ke rubuta babin kasuwanci a Abuja yana neman irin wannan ido rufe.

Akwai wani wuri a kundin da kusan babu mai kula da shi a zaure, kuma a ganina ya fi ko'ina muhimmanci: jadawalin ma'auni da ke ƙarshensa. Nan ake rubuta abin da za a ƙirga don a ce an yi nasara. Abin da aka sa a nan shi ma'aikatan aiki za su bi, don da shi za a auna su. In ma'aunin ya ce “yawan azuzuwan da aka gina”, za ku ga gini ko babu malami. In ya ce “yawan 'yan matan da suka kammala babbar sakandare”, dole wani ya damu da abin da ke fitar da yarinya daga makaranta a aji uku. In ya ce “rijiyoyin da aka haƙa”, za a haƙa. In ya ce “rijiyoyin da ke ba da ruwa bayan shekara biyu”, dole a yi tanadin gyara. Ku nemi a ƙirga abin da ke aiki, ba abin da aka ƙaddamar ba, kuma a rarrabe adadin mata da maza, da na kowace jiha. Roƙo ne da bai ci karo da muradin kowa a teburin ba, shi ya sa yake iya wucewa.

Ku yi magana kuma a madadin waɗanda ba a gayyata ba. Wanda ke da ƙungiya mai rajista da adireshi shi ake aika wa takarda. Manomin Batsari ko Safana ko Faskari da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga ba shi da adireshi, makiyayi ma haka. Cike ra'ayi ta intanet da ake cewa an buɗe wa kowa, ai mun ga lokacin da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan a 2021. Ku tambaya kai tsaye: aikin da za a kawo, yaya zai isa ƙaramar hukumar da ɗan kwangila ke tsoron shiga, ko kuwa za a sake tattara shi a inda hanya ke da kyau?

Kada ku dogara da baki kawai. Ku rubuta shafi ɗaya ko biyu, da Hausa in ita kuka fi sakewa da ita, ku sa wani ya yi na Turanci a haɗa, da sunan ƙungiya da kwanan wata da sa hannu. Abu uku ya isa, kowanne da hujjarsa da abin da kuke so a yi. Ku miƙa wa jami'in bankin hannu da hannu, ba mai shirya taro kaɗai ba, ku riƙe kwafi. Sannan a bainar jama'a ku tambaya: yaushe za a fitar da taƙaitaccen rahoton abin da aka ji, a ina za mu same shi, kuma za a nuna abin da aka ɗauka da wanda aka bari da dalili? Amsar da za a ba ku ita za ta nuna muku ko taron na gaske ne ko jeka-na-yi-ka.

Wani abu da ba na son in ɓoye miki. Bashin da ya fi taɓa tukunyarku ba na gini ba ne, na sauya manufofi ne. A watan Yunin 2024 bankin ya amince wa Najeriya dala biliyan 2.25, biliyan 1.5 daga ciki don mara wa gyare-gyaren tattalin arziki baya, bayan cire tallafin man fetur da sakin naira a 2023. Irin wannan a tsakanin bankin da gwamnatin tarayya ake ƙulla shi, kuma ba za a warware shi don maganarku ba. Duk da haka ku faɗi abin da ya yi wa kuɗin markaɗe da kuɗin mota da farashin tiyar gyaɗa, da ko tallafin kuɗin da aka ce zai rage raɗaɗi ya iso gare ku. A rubuce yake zama, kuma akwai sashen bankin mai zaman kansa da ke bitar kowane tsari in wa'adinsa ya ƙare.

Inda kuke da ƙarfin gaske kuwa ba a wannan zauren ba ne, a gaba ne, lokacin da kundin ya haifi ayyuka. Tun watan Oktoban 2018 ayyukan zuba jari na bankin, irin su AGILE da ACReSAL, suna ƙarƙashin ƙa'idoji goma na kare muhalli da jama'a. Ta goma ta wajabta wa gwamnatin da ta ci bashin ta tuntuɓi waɗanda aikin ya shafa tun daga zane har ƙarshe, ta kuma buɗe hanyar karɓar ƙorafi. Ta biyar ta shafi karɓar fili da tashin mutane da biyan diyya. Wannan ba alfarma ba ce, yana cikin yarjejeniyar bashin. In ofishin aikin a jiha ya yi kunnen uwar shegu, akwai sashen karɓar ƙorafi na bankin kansa, akwai kuma kwamitin binciken nan na 1993, wanda mutum biyu kacal da aikin ya cutar za su iya rubuta masa, da harshensu, kuma su nemi a sakaya sunansu. An taɓa yi a ƙasar nan: bayan rusau a unguwar Badiya ta Gabas a Legas a watan Fabrairun 2013, an kai ƙorafi gare shi, aka kuma biya diyya, ko da yake da yawa sun ce ba ta kai asararsu ba. Takardun ayyukan ma, tun 2010 manufar bankin ita ce a bayyana su sai 'yan kaɗan da aka keɓe, suna nan a shafinsa. Ki sa wani ɗanku mai waya ya nemo na aikin da ke yankinku, ku ga abin da aka yi alkawari da sunanku.

Kada kuma ku tsallake na gida ku tafi Washington. Kafin jiha ta shiga bashin waje sai majalisar dokokinta ta amince, kuma ɗan majalisarku a Daura yake zuwa Sallah. Jiha ce ke zaɓar garuruwan da aiki zai je, ita ke biyan nata kason in an sharɗanta, ita ke riƙe ginin bayan aikin ya rufe. Taron jin ra'ayi kan kasafin kuɗin jiha da ake yi yanzu, shirin bankin na gyara harkar kuɗin jihohi, SFTAS, na 2018 ne ya sa shi cikin sharuɗɗan samun kuɗi, har da wallafa abin da jama'a suka faɗa. Takardar da kuka rubuta wa bankin, ku kai irinta can. Haka in Bankin Raya Afirka mai hedikwata a Abijan ko Bankin Musulunci na Jidda suka kira nasu taron. Su ma suna rubuta irin wannan kundi, kuma su ma da gwamnatin tarayya suke ƙullawa.

Game da wa za ku tura, in kujera biyu aka ba ku, kada ku cike su da shugaba da mataimakiyarta don girmamawa kawai. Ki je da wadda ke riƙe littafin ƙungiya, wadda ta san buhu nawa kuka sarrafa bara da nawa bana. Ku zauna gaba, ku nemi tafinta tun kafin a fara, kuma in an rabu rukuni ɗayarku ta tsaya kusa da mai alƙalami ta ga abin da yake rubutawa. Kuɗin mota in an bayar ku karɓa, haƙƙinku ne, amma ku duba adadin da ke kan takardar kafin ku sa hannu.